Na sayi faifan tera 4, kwamfuta ta ce min giga 931 ne

Abin ya faro ne ranar da tsohon faifan ajiyata, had dis ɗin da nake tara bidiyo da hotuna a kai, ya fara nuna jan layi a This PC, tagar Windows da ke jera faifan kwamfuta, alamar ya kusa cika. Tera 1 ne, na yi shekaru ina loda masa kaya, duk aikin da na gama sai in tura can in ce wata rana zan zauna in tace, wata ranar kuma har yau ba ta zo ba. Da na ga saura giga 23 kacal sai na san babu makawa, na sayi sabo mai tera 4, irin babban nan na inci 3.5 da ake ɗaurawa a cikin kwamfutar tebur. Lissafina mai sauƙi ne, in kwashe komai daga tsohon zuwa sabon, in huta da maganar wuri na wasu shekaru.

Kasala ce ta fara ja min. Ban so kwance akwatin kwamfutar ba, ga ƙura ga wayoyi sun cukurkuɗe a baya, sai na tuna ina da wani tsohon dok na USB, irin wanda ake tsoma faifai a tsaye kamar kaset. Ya daɗe a wajena har na manta shekarar da na same shi, kuma bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne duk faifan da na taɓa tsoma masa bai wuce tera 1 ba. Na tsoma sabon, na ji ya ɗauki juyi, na buɗe wata manhajar kyauta ta kilonin, wato mai kwafe faifai sukutum zuwa wani, na zaɓi tsohon a matsayin inda za a ɗauko, sabon a matsayin inda za a zuba, na yi ta danna Next Next ban karanta ko layi ɗaya ba, na je na kwanta.

Da safe na tarar ta gama, har da koren rubutu wai an yi nasara. Na buɗe This PC da murnata. Sabon faifai na nan, amma a ƙarƙashinsa an rubuta giga 931, kuma shi ma da jan layinsa, saura giga 23.

Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne an cuce ni, an ɗauki faifan tera 1 an manna masa takardar tera 4. Na zaro shi daga dok ɗin yana da ɗumi, na juya shi gaba da baya, takardar tana nan lafiya lau, 4TB ɓaro-ɓaro, lambar samfuri da lambar siriyal duk sun yi daidai da na jikin kwali, babu alamar an ɓamɓare an sake mannawa. Duk da haka sai da na ɗauki waya na rubuta wa wanda ya sayar min wani dogon saƙo mai zafi, irin wanda in ka tura ba a sake gaisawa. Allah Ya taimake ni ban tura ba, na ce bari in haɗa da hoton allo tukuna don kar ya samu bakin musu.

Wajen ɗaukar hoton ne na lura da wani abu. Faifan biyu suna jere kusa da juna, kuma lambobinsu iri ɗaya sak, 931 da 931, saura 23 da saura 23. Ko da jabu ne ai da wuya ya zo daidai har wannan matakin. Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta fara aiki: manhajar ba fayiloli kawai ta kwafe ba, har da girman fatishan ɗin, wato yankin da aka yanka a faifai don zuba kaya, ta ɗauko. Kamar ka sayi ƙaton fili ne amma ka ɗebo katangar tsohon gidanka ka kafa ta a ciki daidai da tsohon awonta, sauran filin yana nan a waje, kai kuma kana ciki kana cewa wuri ya yi kaɗan. This PC ba ya nuna faifai, fatishan yake nunawa, abin da ke cikin katanga kenan.

To ina za a ga filin gaba ɗaya? Disk Management. Ka danna maɓallin Windows da X tare za ka gan shi a jerin, ko ka rubuta diskmgmt.msc a Run. Na mayar da faifan cikin dok na buɗe. Ga shi a ƙasa, Disk 2, yanki ɗaya mai shuɗin kai 931.51 GB, kusa da shi yanki mai baƙin kai 746.51 GB an rubuta Unallocated, ma'ana wurin da ba a yanka wa kowa ba. Na ji daɗi na daƙiƙa biyu, sannan na haɗa lissafin. A gefen hagu ma an rubuta jimillar: 1678.02 GB. Haba. Wannan wace irin lamba ce? Ba tera 4 ba, ba tera 2 ba, ba ɗaya da rabi ba, babu kamfanin da ke ƙera faifai mai wannan girman. Zargina ya dawo sabo fil, har ya fi na farko.

Ina da wani yaya da ya daɗe yana aikin kula da sabobi da kwamfutocin ofis, ba na son damunsa da ƙananan abubuwa don yana da ɗan tsokana, amma wannan karon na kira.

Na ce, “Yaya, ina jin an sayar min da jabun had dis.”

Ya ce, “Nawa yake nunawa?”

Na ce 1678, alhali tera 4 na saya.

Ya yi shiru kaɗan sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. “Ƙanina, ta ina ka haɗa shi? Kar ka ce min ta wannan tsohon dok ɗin naka.”

Na ce ta nan ne, me ya yi?

Ya ce, “Ɗauko kalkuleta. Cire 2048 daga 3726.”

Na cire. 1678. Sai da na sake bugawa don ban yarda ba. Na ce to Yaya shi 3726 ɗin daga ina ya fito, 2048 ɗin kuma na mene ne? Ya ce in zauna, don abu biyu ne daban kuma kullum mutane haɗa su suke yi su rikice.

Na farkon, 3726, shi ne ainihin abin da Windows zai nuna wa duk mai faifan tera 4 ko da komai lafiya yake. Masu ƙera faifai da dubu-dubu suke ƙirga, a wajensu kilobait 1 bait 1,000 ne, giga 1 bait 1,000,000,000, tera 1 kuma bait 1,000,000,000,000, kuma ba su ɓoye ba, yana nan a jikin kwali da ƙananan rubutu waɗanda ba wanda ke karantawa, na duba nawa na gani. Shi kuwa Windows da 1,024 yake ƙirga saboda kwamfuta da ninkin biyu take aiki, don haka gigarsa ɗaya bait 1,073,741,824 ce. Faifan tera 4 yana da bait 4,000,787,030,016, in ka raba da waccan lambar sai ka samu 3726 da ɗan ɗigo. Ba a cire maka ko bait ɗaya ba, ma'aunin ne ya fi girma shi ya sa adadin ya ragu. Shi ya sa tera 1 ke fitowa 931, giga 500 ke fitowa 465, tera 2 ke fitowa 1863, SSD mai 256 kuma 238. Abin kunya, shekara nawa ina kallon 931 a tsohon faifaina ban taɓa tambayar ina sauran 69 suka shiga ba, na ɗauka Windows ne ya ci abinsa.

Daga baya da na bi diddigi na ga tun 1998 hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya ta fitar da sunaye na daban don raba gardamar nan, kibibait, mebibait, gibibait, tebibait, su ne na 1,024 ɗin, a bar kilo da mega da giga wa dubu. Apple ya koma ƙirgen dubu tun 2009 da Snow Leopard, wata sigar manhajar Mac, shi ya sa faifan nan nawa in ka haɗa shi da Mac zai ce maka tera 4 cif. Windows ne har yanzu yake auna gibibait ya rubuta GB. Ni a ganina nan laifin yake, harafi ɗaya tak za su ƙara a tsakiya ya zama GiB a huta, amma sun bar mutane suna ta zargin masu sayarwa. Kuma giɓin ƙaruwa yake yi in faifai ya girma, a matakin giga wajen kashi 7 cikin 100 ne, a matakin tera ya kai wajen kashi 9, mai tera 4 kuwa in ya duba a matakin giga zai ga kamar giga 274 sun yi ɓatan dabo.

Na biyun, 2048, shi ne inda dok ɗina ya shigo. Faifai a yanke yake ƙanana-ƙanana, ana ce musu sekta, kowace bait 512 a yadda kwamfuta ke ganinta, kuma kowace da lambarta. Ɗan cif ɗin da ke cikin tsohon dok ɗin, mai fassara tsakanin SATA, wato mahaɗin da ke jikin faifan, da USB, da bit 32, wato gurbi 32 na sifili ko ɗaya, yake riƙe wannan lambar, iyakar abin da bit 32 zai ƙirga kuwa 4,294,967,296 ne. Ninka wannan da 512, giga 2048 kenan daidai, ba ƙari ba ragi. Faifaina kuma sekta 7,814,037,168 gare shi. Yaya ya ce in tuna mitar tsohuwar mota, in ta kai 99999 ba ta da gurbin ƙara lamba sai ta koma sifili ta ci gaba. Haka cif ɗin ya yi, ya ƙirga har ya cika, ya koma sifili, ya ƙirga ragowar, sai ya miƙa wa Windows ragowar a matsayin girman faifan. Ragowar nan ita ce 1678. Ya ce mai tera 3 in ya faɗa wannan ramin 746 yake gani, tun zamanin da faifan tera 3 suka fara fitowa ake wannan kukan, wani lokaci ma ba dok ba ne, tsohon direban SATA ne a cikin Windows ɗin kansa.

Kafin ya kashe wayar ya ƙara min wata magana da ta zauna min. Ya ce jabun faifai ba ƙasa yake nunawa ba, sama yake nunawa. Mai son cutarka zai sa ƙaramin abu ya yi ƙaryar shi babba ne, filas mai giga 8 ya ce shi tera 2 ne, sai ka zuba kaya su ɓace. Ba wanda zai wahalar da kansa ya sa faifai ya riƙa faɗin ƙasa da abin da aka rubuta a jikinsa, ai ya tona wa kansa asiri tun ranar farko. “Cire shi daga dok ɗin nan, ka haɗa shi kai tsaye da madabod, babban allon cikin kwamfutar, sannan ka kira ni.”

Abin da na guje wa tun farko dai shi na dawo na yi. Na kashe kwamfuta, na zare wayar wuta, na kwance kusoshi biyun baya na zame murfin gefe. Ƙurar da ke kan fanka kaɗai ta isa ta sa mutum atishawa goma. Na lalubo kebul ɗin SATA a tsohon kwalin madabod, siriri ja, bakinsa yana da ɗan lanƙwasa kamar harafin L ta yadda ba ya shiga sai ta fuska ɗaya, na yi ta turawa yana ƙi ashe a juye na riƙe shi, da na juya sai ya shige da ɗan ƙas. Na jawo ɗaya daga cikin faffaɗan bakunan wuta da ke reto daga fawa saflai na soka, na ɗaure faifan da kusoshi biyu maimakon huɗu don ɗayan gefen hannuna ba ya kaiwa. Da na kunna sai na fara shiga BIOS, shafin saitin madabod da ke zuwa kafin Windows ya tashi, a jerin abin da ke haɗe ga sunan faifan nan, a gabansa 4000.7 GB. Wannan ne karon farko da na ga wata lamba mai kama da abin da na saya.

Na shiga Windows, na buɗe Disk Management. 3726.02 GB a gefen hagu, kamar yadda Yaya ya faɗa. Na ce shikenan an gama. Ashe da sauran rina a kaba.

Yanzu faifan ya kasu uku. Ga 931.51 ɗina mai shuɗi, ga baƙin yanki 1116 da ɗigo, sannan ga wani baƙin yankin daban, 1678.02. Lambar nan dai ta sake biyo ni. Abin ya ɗaure min kai, me zai sa wurin da babu komai a cikinsa ya rabu biyu, wa ya ja layin? Na danna dama a kan shuɗin na zaɓi Extend Volume, ya yarda, amma iyakar abin da ya ba ni shi ne yankin farko, fatishan ɗin ya tashi daga 931 ya tsaya a 2048 cak. Na koma kan na ƙarshen na danna dama, New Simple Volume ya yi fari-fari ba ya dannuwa, duk sauran ma haka. Giga 1678 ina kallonsu suna kallona.

Wannan karon ban kira Yaya ba, don na riga na gane 2048 in na gan ta, na san wani abu ne kuma yake ƙirga da bit 32. Na danna dama a kan sunan faifan can gefen hagu, Properties, shafin Volumes, a layin Partition style an rubuta Master Boot Record, MBR a taƙaice. Manhajar kilonin ba katangar kawai ta ɗauko ba, har da tsohon tsarin rajistar filin. Tsohon faifaina MBR ne, kuma bai taɓa zama matsala ba tunda bai kai iyakar ba.

MBR tsohon abu ne sosai, tun 1983 yake, zamanin PC DOS 2.0 da kwamfutar IBM XT wadda faifanta mega 10 ne, mega fa ba giga ba. A sektar farko ta faifai yake zaune, bait 512 gaba ɗayansa, a ciki an ware bait 64 don teburin fatishan, gurbi huɗu kowanne bait 16, shi ya sa ba ya ɗaukar manyan fatishan fiye da huɗu. A kowane gurbi inda ake rubuta farkon fatishan da tsawonsa bit 32 ne. Iyakar dok ɗina da iyakar MBR ashe iyaka ɗaya ce, wuri biyu ne kawai daban, ɗaya a cikin ƙarfe ɗaya a rubuce a kan faifan. Waɗanda suka tsara shi ban ga laifinsu ba, wanda ke da mega 10 ina zai yi mafarkin tera 2. Magajinsa shi ne GPT, wanda ya zo tare da UEFI, sabon tsarin da ya gaji BIOS, shi da bit 64 yake ƙirga, Windows yana barin ka yanka har fatishan 128 a kai, kuma yana ajiye kwafin teburin a ƙarshen faifai ko da na farkon ya lalace.

To sai a juya shi zuwa GPT. A Disk Management akwai Convert to GPT Disk, amma shi ma fari-fari, ba ya yarda sai faifan ya zama babu fatishan ko ɗaya. Na ga ana maganar mbr2gpt, wani ɗan umarni da Microsoft ya saka tun Windows 10 sigar 1703 a 2017, yana juyawa ba tare da goge komai ba, sai dai an yi shi ne don faifan da Windows ke zaune a kai, nawa kuwa na ajiya ne zalla. Akwai manhajojin waje da ke cewa za su juya ba asara, wataƙila suna yi ɗin, amma ni a ranar na ƙoshi da danna Next a manhajar da ban fahimta ba. Tunda komai nawa yana nan lafiya a tsohon faifan, mafi sauƙi in share sabon tas in fara daga farko.

A nan ne na kusa yin ɓarnar da da har yau ina kuka.

Na buɗe Command Prompt a matsayin admin, na rubuta diskpart, manhajar Windows ta sarrafa faifai da rubutaccen umarni, na rubuta list disk. Jeri ya fito, ban tsaya karantawa ba don a kaina na riga na san sabon faifai Disk 2 ne, haka na gan shi da safe. Na rubuta select disk 2, ya ce an zaɓa. Na rubuta clean. Yatsana yana kan Enter, idona ya ɗan haura sama kan jerin, sai na ga Disk 2, 931 GB. Disk 1 ne 3726. Da na cire shi daga USB na soka a madabod lambobin sun canza, ramin da na soka shi yana gaban na tsohon, sai ya karɓi 1 ya tura tsohon zuwa 2. Kuma clean ba ya tambaya, babu ka tabbata, babu komai, kana dannawa teburin fatishan ya tafi. E, akwai kwafi a sabon faifan a lokacin, amma ni da na san kaina, da na danna ban lura ba, abu na gaba da zan yi shi ne in ga sabon bai goge ba in bi shi shi ma in share. Na ɗaga hannuna daga kibod a hankali kamar wanda ya ga kunama, na goge kalmar harafi ɗaya-ɗaya, na rufe tagar.

Na kashe kwamfutar gaba ɗaya na zare kebul ɗin tsohon faifan, na bar shi yana reto. Abin da ba a haɗe yake ba dai ba za a goge shi ba. Na sake kunnawa, diskpart, list disk, yanzu biyu ne kawai, SSD ɗin Windows mai 238 da babban mai 3726, kuma a ƙarshen layin akwai wani gurbi mai suna Gpt inda ake sa tauraro in faifan GPT ne, na SSD ɗin akwai, na babban babu. Na zaɓe shi, na ƙara da detail disk don in ga sunan samfurin da idona, na karanta shi sau biyu da ƙarfi kamar mai karanta wa wani. Sannan clean, sai convert gpt, sai create partition primary, sai format fs=ntfs quick, sai assign. Duka-duka bai kai minti biyu ba. Na buɗe This PC: 3.63 TB free of 3.63 TB.

Ko wannan 3.63 ɗin sai da ta ɗan tsaya min, na ce ba 3.72 ya kamata ba? Sai na tuna, a sake raba 3726 da 1,024, ga 3.63 nan. Akwai kuma wani ɗan mitsitsin yanki na wajen mega 16 da Windows ke ware wa kansa a faifan GPT, shi ko a Disk Management ba ya fitowa, sai a diskpart in ka rubuta list partition.

Na tura wa Yaya hoton. Ya amsa da cewa saura in gwada shi kafin in amince masa da kayana, tunda da bakina na kira shi jabu. Manhajar duba lafiyar faifai ta CrystalDiskInfo ta nuna lafiyarsa Good, awannin da ya yi a kunne ba su wuce na daren da na yi kilonin da safiyar ba, wato sabo ne da gaske ba wanda aka sha aiki da shi ba. Sai H2testw, wata 'yar ƙaramar manhaja daga Jamus da ke cika faifai da fayiloli har ya cika maƙil sannan ta koma ta karanta su ɗaya bayan ɗaya ta ga ko abin da ta rubuta shi ta tarar. A filas minti kaɗan ne ko awa, a tera 4 kuwa rubutun ya cinye dare, karatun ya cinye yini, ina jin ɗan gurnanin faifan a ƙarƙashin tebur har na saba da shi. Ta gama babu kuskure ko ɗaya. Yaya ya kuma ce da a ce BIOS ɗin kansa ya nuna ƙasa bayan na haɗa kai tsaye, to da sai a duba wani abu wai shi HPA, ɓoyayyen yanki da ake iya killacewa a ƙarshen faifai ta yadda ko Windows ba ya ganinsa, a Linux ake leƙa shi da hdparm -N. Ban kai ga nan ba. Ya ja min kunne kuma kar in kuskura in mayar da faifan cikin tsohon dok yanzu da ya zama GPT mai cikakken girma, don dok ɗin zai sake faɗin ƙaryar 1678, Windows ya ga teburi bai yi daidai da girman ba, in tsautsayi ya sa na yarda aka gyara ko aka rubuta wani abu a haka to kayan ciki na iya lalacewa.

Na mayar da kebul ɗin tsohon faifan, wannan karon babu wani kilonin, foldodi na zaɓa na yi kwafi na zuba kamar kowa. Da ya gama na duba, a tsohon abin da ke ciki giga 908 ne, a sabon 867. Gabana ya sake faɗuwa, giga 41 ina suka maƙale? Na bi folda-folda ina danna Properties ina gwada adadin fayiloli, duk sun yi daidai har na ƙarshe. Sai na sa WizTree, manhajar da ke nuna abin da ya cinye wuri, ya leƙa tsohon faifan, ga shi nan a fili, wata ɓoyayyiyar folda mai suna $RECYCLE.BIN. Kowane faifai da kwandon shararsa, duk bidiyon da na yi ta gogewa a watannin baya ina neman wuri ashe suna nan zaune ba inda suka je, ban taɓa zubar da kwandon ba.

Dogon saƙon nan yana nan a waya ban tura ba, na sake karanta shi sau ɗaya kunya ta kama ni, na goge. Dok ɗin kuma na samu alƙalamin maka na rubuta masa “tera 2 kawai” a gefe, na mayar da shi cikin durowa.